Amsar Wasiƙunku: Mai Minshari da Allurar Barci

Wani manomi daga Kabo ya rubuto cewa za a yi masa aikin gwaiwa a Babban Asibitin Gwarzo bayan kaka, ga shi yana minshari har numfashinsa kan ɗauke. Ko akwai haɗari?

To malam, akwai, in ka ɓoye. Cikin barci naman maƙogwaro kan saki ya matse hanyar iska, shi ne ƙarar da ake ji. In hanyar tana toshewa daƙiƙa 10 ko fiye, sau da yawa a dare, abin ya zama ciwo. Allurar barci da magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna ƙara sakin naman nan.

Saboda haka ka gaya wa likita tun kafin ranar. Ka tafi da maiɗakinka ta ba da shaida, don mai barci ba ya jin minsharinsa. In kana gyangyaɗin rana ko hawan jini, ka faɗa. Da wannan za su zaɓi allurar da ta dace, su sa maka ido bayan aiki. Ban da shan ƙwayar barci, ban da kai wa wanzami ya cire beli.

Allah ya ba da lafiya, amin.