Tallan da Ke Bin Sawunka a Intanet: Wa Ya Ɗora Shi a Kanka?

Mutane da yawa sun riga sun yanke hukunci cewa wayoyinsu na sauraron hirarsu. Sun yi zancen janareto da safe, da yamma sai ga tallansa a Facebook, ga shi a Instagram, ga shi kuma a gefen labarin ƙwallo a shafin wata jarida. Abin da sukan manta shi ne, kwana uku da suka wuce sun leƙa shafin wani kanti sun duba farashi, suka fita ba su saya ba. A watan Afrilun 2018 wani ɗan majalisar dattawan Amurka ya tambayi Mark Zuckerberg ko Facebook na amfani da makirfon waya wajen tsara talla, ya ce a'a. Ko ka gaskata shi ko ka ƙi, akwai hanya mafi sauƙi da arha da ake bi a fili, kuma mai kantin da ka leƙa ne ya buɗe ta da hannunsa.

Ga yadda abin yake. Mai kasuwanci da ke son yin talla a intanet yakan karɓi wani ɗan gajeren rubutun kwamfuta daga kamfanin talla, ya manna shi a cikin ginin shafinsa, inda mai ziyara ba ya gani. Wannan ita ce alamar bibiya. Ta kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, sunanta Meta Pixel, kuma tun 2015 take aiki. Google na da tasa, TikTok ma haka. Da zarar ka buɗe shafin, burauzarka, wato manhajar da kake shiga intanet da ita irin su Chrome, za ta aika saƙo kai tsaye zuwa kwamfutocin kamfanin tallan: ga shafin da aka buɗe, ga lokacin, ga irin wayar, ga adireshinta na intanet wanda ke nuna kusan yankin da kake. Sai a ajiye wata lamba ta musamman a wayarka cikin ɗan fayil da ake kira kukis, domin a gane ka in ka dawo. Idan asusunka na Facebook a buɗe yake a wannan wayar, ko kuwa daga cikin manhajar Facebook ka danna ka shiga shafin, haɗa ziyarar da sunanka ba wuya.

Ba shigarka kaɗai ake rubutawa ba. Ana iya saita alamar ta kai rahoto lokacin da ka duba wata haja, lokacin da ka jefa ta a kwandon saye, lokacin da ka fara biyan kuɗi ka fasa, da lokacin da ka biya. Daga nan mai kanti zai ce wa Meta ko Google: ku nuna tallana ga duk wanda ya sa kaya a kwando bai biya ba. Google ya fara wannan tsari na sake bin mai saye da talla tun 2010. A wajen Meta ana iya riƙe mutum cikin jerin waɗanda za a bi har kwana 180, a wajen Google kuwa har kwana 540, kusan shekara ɗaya da rabi ke nan kan leƙe ɗaya.

A yi adalci, dabarar ba sata ba ce. Kamar ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari da ya sa yaronsa ya lura da wanda ya taya shadda ya wuce, don ya bi shi ya ce Alhaji dawo a daidaita. Bambancin shi ne wannan yaron ba na mai shago ba ne, aro aka ba shi, kuma littafin da yake rubutu a ciki gidan ubangidansa yake kai wa, inda ake haɗa shi da rahoton sauran shagunan da ka shiga. Ga mai ƙaramin jari, alamar tana hana shi zubar da kuɗin talla a kan waɗanda ba ruwansu da hajarsa. Matsalar tana cikin abin da take kwasa wanda ko mai shafin bai sani ba.

Abu na farko shi ne adireshin shafin kansa, wanda ake aikawa ko da ba a saita komai ba. Idan mai sayar da magani ya raɗa wa wani sashe na shafinsa suna maganin basir, ko rashin haihuwa, ko ƙarfin maza, to wannan sunan yana cikin saƙon da ya tafi tare da lambar bibiyar da aka ajiye a wayarka. Ba ka rubuta komai ba, ba ka cike fom ba, amma an san abin da ya kai ka. Na biyu ya fi wannan zurfi. Meta Pixel na da wani saiti da, in an kunna shi, yake ɗaukar lambar waya da imel da suna daga fom ɗin da ka cike. Masu haɗa shafi sukan kwantar wa mutane hankali cewa ana rikiɗa bayanan zuwa wasu haruffa marasa ma'ana kafin a aika. Gaskiya ne ana rikiɗawa. Sai dai Meta ma tana da lambarka ko imel ɗinka tun ranar da ka buɗe asusu, ta rikiɗa ta da dabara iri ɗaya, ta gwada biyun, in sun dace ta san kai ne. Manufar saitin ke nan tun asali.

Wannan ba hasashe ba ne. A watan Yunin 2022 kafar binciken fasaha ta The Markup a Amurka ta duba shafukan manyan asibitoci 100 na ƙasar, ta tarar 33 daga ciki suna aika wa Facebook bayani a duk lokacin da mutum ya danna wurin neman ganin likita. A wasu, har da sunan likitan da abin da mutum ya rubuta yana nema, ciki har da batun zubar da ciki. A Maris na 2023 hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa kamfanin BetterHelp mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa ya biya dala miliyan 7.8 saboda miƙa bayanan masu neman taimako ga Facebook da Snapchat da wasu don talla. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne na bankin Avanza a Suwidin. Wasu saituna biyu na Meta Pixel ne aka kunna bisa kuskure, suka yi ta aiki daga Nuwamban 2019 zuwa Yunin 2021, suna kwasar lambobin asusu da yawan bashi da darajar hannun jarin mutanen da yawansu zai iya kai miliyan ɗaya. A 2024 hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci bankin tarar krona miliyan 15. Banki ne mai ƙwararrun ma'aikata, amma ya shafe fiye da shekara ɗaya da rabi bai farga ba. Meta da Google duk sun haramta a aiko musu da bayanan lafiya da makamantansu a ƙa'idojinsu, Meta kuma na cewa tana da matatar da ke tare su. Amma lura da wanda aka ci tara: mai shafin ne, domin shi ya manna.

A wajenmu akwai wani ƙarin haɗari da masu tsara waɗannan abubuwa ba su cika lissafawa ba. Waya ɗaya takan zagaya gida: maigida ya ba yara su kalli bidiyo, ƙanwa ta ari ta yayarta, uwa ta miƙa wa ɗanta ya duba mata saƙo. Alamar bibiya ba ta san hannun da ke riƙe da wayar ba. Matar da ta nemi maganin haihuwa a ɓoye, ko magidancin da ya leƙa shafin masu ba da rance da tsakar dare, tallan zai iya fitowa a gaban wanda ba su so ya sani ba. Mai kantin da ya biya kuɗin wannan talla ya tona asirin kwastomansa da kuɗinsa.

Doka ta riga ta shigo maganar. A Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda ta kafa hukumar NDPC. Dokar ta ce dole a sami halastaccen dalili kafin a sarrafa bayanan mutum, a kuma sanar da shi abin da ake tarawa da wanda ake ba wa. Ta ware bayanan lafiya da addini da ƙabila da ra'ayin siyasa a matsayin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma nemi amincewar iyaye kan bayanan yara, abin da ya kamata masu makarantun kuɗi da ke karɓar fom ta intanet su riƙe. Tarar manyan masu riƙe bayanai na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ta ƙanana kuwa naira miliyan 2 ko kashi 2 ɗin. Mai tara lambobin kwastomominsa na WhatsApp ya ɗora wa Facebook don a bi su da talla, shi ma yana cikin wannan magana ko da ba shi da shafi.

To, mai kasuwanci, kafin ka bari a manna maka komai, asusun tallan ya zama da sunanka da imel ɗinka, kai ka ba mai haɗa shafi izinin shiga, ba shi ya ba ka ba. In kun ɓata, jerin kwastomominka zai tafi da shi. Wannan ya fi muhimmanci idan an sa maka Google Tag Manager, akwatin da Google ya fito da shi a 2012 don a riƙa zuba alamomi da yawa ba tare da taɓa ginin shafi ba. Duk mai ikon wallafa canji a akwatin nan zai iya dasa kowane irin rubutu a shafinka daga ɗakinsa, har da mai kwashe lambobin katin banki. Ranar da kuka rabu da ma'aikaci, a ranar ka cire shi.

Ka sa a nuna maka da idonka abin da ke fita. Meta Pixel Helper da Tag Assistant na Google kyauta ne, suna nuna kowane saƙo da alamar ta aika. A nan ne ake gano cewa an manna alama sau biyu, ana ƙirga ciniki ɗaya a matsayin biyu, kana murna da ribar da babu. Shafukan da suka shafi ciwo, bashi, ko bayan mutum ya shiga da lambar sirrinsa, a cire alamar daga kansu gaba ɗaya. Sanarwar neman izinin kukis kuma ta zama ta gaske: in mutum bai yarda ba, alamar kada ta tashi. Da yawa ado ne kawai, saƙon ya riga ya tafi kafin ka danna komai. Sannan ka cire waɗanda suka riga suka saya daga jerin, ka kuma rage kwanakin. Wanda ya duba atamfar Sallah ba ya buƙatar ganin ta wata huɗu bayan Sallah.

Shi kuwa mai ziyara yana da 'yan makamai. Ɗigo ukun da ke saman kowane talla a Facebook na kai ka wurin da ake bayyana dalilin da ya sa kake ganin sa. A cikin Accounts Center akwai sashen da ke jera kamfanonin da suka aiko wa Meta rahoto a kanka, kana iya raba wannan tarihi da asusunka, ka kuma hana na gaba. Google na da My Ad Center inda ake kashe tallan da aka ɗinka daidai da mutum. Firefox tun 2019 da Safari tun 2020 suna toshe kukis ɗin bibiya na wasu kamfanoni ba sai ka nema ba. Chrome, wanda akasarin masu Android ke amfani da shi, ba ya yin haka da kansa, sai ka shiga saituna. Binciken da ya shafi sirrinka, ka yi shi a shafin ɓoye na burauza, ba daga cikin manhajar Facebook ko Instagram ba.

Duk da haka kariyar tana da iyaka. Tun da Apple ya fara tambayar masu iPhone izinin bibiya a 2021, abin da Meta ta ce zai ja mata asarar kusan dala biliyan 10 a 2022, kamfanonin talla suka ƙara tura 'yan kasuwa ga wata hanya: kwamfutar kantin ta aika rahoton cinikinka kai tsaye zuwa tasu, ba tare da bi ta wayarka ba. Wannan babu saitin waya da zai tare shi. Abin da ya rage maka shi ne haƙƙin da doka ta ba ka: ka rubuta wa kamfanin ka tambayi bayananka da yake riƙe da su, ka ce ya daina amfani da su wajen yi maka talla, in ya ƙi ka kai ƙorafi NDPC. A Nijar hukumar HAPDP ce ke karɓar irin wannan ƙorafi.