Ƙwaya Kafin Albarushi: Yadda Mafarautan Elk Ke Ɗura Harsashinsu

A jihohin da duwatsun Roki suka ratsa a yammacin Amurka, irin su Kolorado, Wayomin, Montana da Aidaho, kaka ce lokacin farautar elk, wata ƙatuwar barewa mai ƙaho mai rassa wadda namijinta kan kai kilo 300 ko fiye. Da yawa daga mafarautan ba sa dogara da harsashin kanti. Sukan tara kwanson tagullar da suka riga suka harba, su goge shi, su mayar da shi girmansa da injin matsi, su sa sabon abin tayar da wuta a gindinsa, su auna albarushi, sannan su danna ƙwayar harsashi a bakinsa. Maharbin adaka a ƙasar Hausa ya san ɗurin bindiga da hannu, sai dai albarushinsa baƙi ne. Na can marar hayaƙi ne, irin wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, ya fi baƙin ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ba ya yafe kuskuren awo.

Sabon shiga yakan fara da tambayar wane albarushi ne zai ba shi gudu mafi yawa. A ganina ya fara daga wutsiya. Abin da ke shiga jikin dabba ƙwaya ce, kuma elk na da fata mai kauri da ƙashin kafaɗa mai tauri. Ƙwayar da ta tarwatse a kan ƙashi ba ta kai huhu ba, takan bar dabba da rauni, dabbar ta gudu cikin kurmi ta mutu a wahale inda ba mai ganinta. Wannan zalunci ne, kuma asara ce.

John Nosler ya ga haka da idonsa a 1946 a lardin Biritish Kolombiya na Kanada. Ya harbi mus, wata barewar da ta fi elk girma, jikinta duk busasshen taɓo, amma ƙwayoyinsa suka kasa ratsawa yadda ya kamata. Da ya koma gida Oregon sai ya ƙera ƙwayar da ya kira Partition, ya fara sayarwa a 1948. In aka tsaga ta gida biyu, za a ga darma a gaba, darma a baya, da wata katangar ƙarfe a tsakiya. Gaban yakan buɗe da zarar ya taɓa nama ya faɗaɗa rauni, katangar ta tsare bayan ya ci gaba da kutsawa. Fiye da shekara 70 ke nan, har yau da ita ake gwada sababbi.

A 1989 Randy Brooks na kamfanin Barnes ya fito da ƙwayar jan ƙarfe zalla, ba darma ko kaɗan. Bakinta kan rabu gida huɗu ya lanƙwashe baya, kuma kusan ba ta rasa nauyinta. Ta samu kasuwa sosai bayan da jihar Kalifoniya ta haramta farauta da darma baki ɗaya daga Yulin 2019, musamman saboda ungulun kondo da ke cin kayan cikin da mafarauta suka bari, gubar darma ta kashe su. Amma jan ƙarfe ya fi darma rashin nauyi, don haka ƙwayarsa ta fi tsawo, tana cin wurin albarushi a kwanso, kuma sai da gudu take buɗewa. Shi ya sa masu amfani da ita kan zaɓi marar nauyi sosai, su kuma rage nisan da suke harbi.

Batun nauyi tsohuwar gardama ce. Marubuci Elmer Keith ya tsaya kan manyan ƙwayoyi masu nauyi, Jack O'Connor na mujallar Outdoor Life kuwa ya yi suna da bindigar .270 Winchester mai ƙaramar ƙwaya. Yawancin mutane sun zauna a tsakiya: bindigar .30-06 da ƙwaya mai giren 180, wato kusan giram 11.7, tana fita da gudun mita 820 a daƙiƙa ko kusa da haka.

Sai yanzu maganar albarushi ta zo. Kowane iri da saurin ƙonewarsa. Ƙwaya mai nauyi a babban kwanso tana son mai ƙonewa a hankali, irin su IMR 4350 ko H4831, domin ya yi ta tura ta har ƙarshen bututu maimakon ya buga mata ƙarfi lokaci guda. Wanda ya zuba albarushin ƙaramar bindigar hannu a irin wannan kwanso, bindigar ce za ta fashe masa a fuska. Bruce Hodgdon, wanda ya fara sayar da rarar albarushin soja a Kansas bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shi ya sa wannan sana'a ta yi araha ga talaka.

Akwai kuma sanyi. Ana gwada ɗuri a zafin watan Yuli, a je farauta a Nuwamba cikin ƙanƙara. Wasu albarusan kan rage ƙarfi a sanyi, harsashi ya faɗi ƙasa da inda aka saita. Nau'o'in da ake yi wa kamfanin Hodgdon a Ostireliya, kamar H4350 da Varget, sun yi fice ne saboda ba sa canzawa sosai.

Mai hankali yakan buɗe littafin awo na kamfanin da ya yi albarushin ko ƙwayar, ya fara daga mafi ƙarancin adadi, ya riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, yana auna gudu da na'ura, yana duba kowane kwanso da ya fito. Matsin da aka ƙayyade wa .30-06 fam 60,000 ne a kan kowane inci murabba'i. Idan abin tayar da wutar ya baje, ko sakatar bindiga ta yi taurin buɗewa, sau da yawa an riga an wuce iyaka. Awon da ya dace da bindiga ɗaya bai zama lallai ya dace da 'yar'uwarta ba, kuma duk wanda ya canza ƙwaya, ko da nauyinsu ɗaya, dole ya koma ƙasa ya sake hawa daga farko.