Karatun Littafi Mai Tsarki da Koyarwar Gafara a Kudancin Kaduna

Karatun Littafi Mai Tsarki a kaɗaice, mutum shi da littafinsa, ya daɗe da kafuwa a ƙasar Ham, inda ƙauyen Nok yake. Mishan na SIM sun kafa tasha a Kwoi a 1910, daga baya a Kagoro, kuma koyar da karatu na cikin ayyukansu na farko. Da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya ja gabansa, sai Ham da Bajju da Atyap da mutanen Kagoro suka sami littafi guda cikin harshen da dukansu ke ji. Ekklesiyar ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954, ta gaji wannan tarbiyya.

Tsarin ba shi da wuya. Da asuba, kafin a tafi gonar citta, mai bi yakan yi addu'a, ya karanta ayoyin ranar, sau da yawa da taimakon ɗan littafin sujada irin Abincin Yini, ya ja layi ƙarƙashin ayar da ta taɓa shi. Abin da ya shige masa duhu sai ya kai shi taron Zumuntar Mata ko na matasa.

Batun gafara ne ya fi nauyi a wannan karatu, domin a nan ba labarin nesa ba ne. Rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011, sun bar gwauraye da marayu a ɓangaren Kirista da na Musulmi. Mai karatu a irin wannan ƙasa yakan daɗe a kan Matiyu sura 18, inda Yesu ya nuna wa Bitrus cewa yafiya ba ta da ƙidaya, ya kuma ba da misalin bawan da aka yafe wa bashin talanti dubu goma, amma ya shaƙe ɗan'uwansa saboda dinari ɗari. Darasin shi ne, wanda Allah ya yafe wa mai yawa ba shi da hujjar riƙe kaɗan. Labarin Yusufu a ƙarshen Farawa ya ƙara wani abu: ya yafe wa 'yan'uwansa, amma sai da ya gwada su, kuma bai ɓoye cewa mugunta suka nufa ba.

Wannan bambanci tsakanin yafiya da rufe laifi yana da muhimmanci ƙwarai. Romawa 12 ta hana mai bi ramuwa, sura 13 kuwa ta ɗora wa hukuma hukunta mai laifi. Luka 17 ta haɗa tsawatarwa da tuba da gafara wuri ɗaya. Saboda haka matar da ta yafe wa wanda ya ƙone mata gida ba ta saɓa wa Nassi ba idan ta nemi kotu ta yi aikinta, kuma zalunci ne a matsa mata ta yi shiru da sunan gafara.

A watan Maris na 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomin Jema'a, Kaura, Kachia, Sanga da Zangon Kataf, Kirista da Musulmi, suka sa hannu a Yarjejeniyar Zaman Lafiya ta Kafanchan, suka nemi gafarar juna a bainar jama'a. Hare-hare sun sake ɓarkewa kafin ƙarshen shekarar, don haka fastoci a yankin har yau suna komawa kan waɗannan surori a wa'azi da wurin jana'iza.