Tsofaffin Tubalan Wasa na LEGO: Yadda Ake Rarrabe Su da Gyara Su

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka ba abin mamaki ba ne magidanci ya koma gidan iyayensa bayan shekara talatin ko arba'in, ya tarar da akwatin kayan wasansa na ƙuruciya yana nan a ajiye. Galibi abin da ke ciki 'yan ƙananan tubala ne na roba da ake kira LEGO, masu ƙullutai a bisa, waɗanda yara kan harhaɗa su gina gida ko mota ko jirgi. Sai dai yakan same su sun cakuɗe, ƙura ta rufe su, farare sun rine, wasu kuma sun ɓace. Abin da zai fara zo masa a rai shi ne ya juye su cikin ruwan zafi ya wanke su tas. To, a nan ɓarna take somawa, domin tubalan akwati ɗaya ba lalle ne su zama 'yan zamani ɗaya ko roba iri ɗaya ba, kuma abin da zai gyara wani shi ne zai lalata wani.

2.0 Asalin Tubalan

Wani kafinta mai suna Ole Kirk Christiansen ne ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a garin Billund na ƙasar Denmak cikin 1932. A 1934 ya raɗa wa kamfaninsa suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu masu ma'anar yin wasa da kyau. Tubalan roba sun fito a 1949, amma cikinsu rami ne kawai, saboda haka ba sa kama juna sosai. A ranar 28 ga Janairu, 1958, ɗansa Godtfred ya nemi rajistar sabuwar ƙira, wadda aka sanya wa 'yan bututai a ƙarƙashi, su ne ke matse ƙullutan tubalin da ke ƙasa. Daga 1963 kuma aka bar tsohuwar roba, wato selulos asitet, aka koma wata mai ƙarko da ake kira ABS. Waɗannan shekaru uku, 1949 da 1958 da 1963, su ne ma'aunin mai gyara.

3.0 Rarrabewa

Kuskuren da sabon shiga yake yawan yi shi ne ware tubala bisa launi, jajaye a nan, shuɗɗa a can. Amma neman ɗan ƙaramin jan tubali cikin tulin jajaye wahala ce, alhali kuwa ido na saurin tsinto ja a cikin tubala masu siffa ɗaya da launi dabam-dabam. Don haka masana wannan aiki suke warewa bisa siffa da girma. Ana ƙidaya girma da yawan ƙullutai, a ce biyu sau huɗu, ko ɗaya sau shida. Tsakanin ƙullutu da ƙullutu milimita 8 ne, tsayin cikakken tubali milimita 9.6, kuma sirara uku ne ke yin tsayin tubali guda.

A yayin wannan aiki ne ake fitar da baƙi, wato tubalan wasu kamfanoni, domin galibin na ainihi suna ɗauke da sunan LEGO a kan ƙullutansu. Yawancinsu kuma akwai lambar ƙira a cikinsu. Alal misali, 3001 ita ce lambar tubali mai biyu sau huɗu. Da irin waɗannan lambobi, da kuma takardun umurnin gini idan sun tsira, ake gane kunshin da tubali ya fito. Abin da ya ɓace akan neme shi a kasuwar intanet ta BrickLink, wadda aka kafa a 2000, kamfanin LEGO ya saye ta a 2019.

4.0 Tantance Zamani

Kafin ruwa ya taɓa kowane tubali, wajibi ne a kifar da shi a duba ƙarƙashinsa. Faffaɗan tubali marar bututai, musamman mai tsaga a gefe, ya girmi 1958. Na selulos asitet kuwa sukan lanƙwashe da tsufa har su kasa zama daidai a kan 'yan'uwansu, kuma zafi yana ƙara musu wannan aibi. Irin waɗannan ware su ake yi, ba a tilasta musu shiga gini.

Launi ma shaida ne. A 2004 kamfanin ya sauya ruwan tokarsa zuwa wani mai ɗan karkata ga shuɗi, ya kuma sauya ruwan ƙasa zuwa mai ɗan ja-ja. Wanda bai san haka ba zai ajiye tsohon ruwan toka kusa da sabo, ya zaci tsohon rinewa ya yi, har ya shiga gyaran abin da lafiyarsa ƙalau.

5.0 Wanki

Shawarar kamfanin kansa ita ce a wanke da hannu, da sabulu marar ƙarfi, cikin ruwan da bai wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyos ba. Tsohon buroshin goge baki ya isa ya fitar da dauɗar da ke tsakanin ƙullutai. A ɗauraye cikin rariya don kada ƙananan su bi ruwa, sannan a shanya a inuwa. Masu ɗauke da takardar manne da masu waya ko batir ba sa shiga ruwa. Haka nan 'yan mutum-mutumin da suka fito tun 1978, fuskarsu da rigarsu fenti ne kawai, gurza kaɗan take shafe su.

6.0 Gyaran Launi

Rinewar farare zuwa ruwan ɗorawa ba dauɗa ba ce, don haka sabulu ba ya fitar da ita. Hasken rana da iska ne suke canza fatar robar a hankali. Dabarar da aka sani ita ce a nutsar da tubalin cikin ruwan haidurojin, irin wanda ake wanke ciwo da shi, a ajiye a rana na 'yan sa'o'i. Masu tara tsofaffin kwamfutoci ne suka yaɗa ta wajen 2008. Tana aiki, amma da sharaɗi. Sau da yawa rinin yakan dawo bayan wani lokaci, tubala masu launi kuma sukan koɗe su yi dabbare-dabbare idan sun daɗe a ciki, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa. Bahaushe ya ce garin neman gira a rasa ido. Saboda haka a fara gwadawa da tubali guda wanda ake da irinsa da yawa, wanda ba shi da na biyu kuwa a bar shi da tsufansa.

7.0 Kammalawa

Akwai abu ɗaya da ya shafi lafiya. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Plymouth ta Ingila, aka buga a 2018, ya gano sinadarin kadmiyam a cikin wasu tsofaffin tubala jajaye da rawaya. Don haka bai kamata a miƙa tsohon akwati ga jaririn da komai ya samu baki yake kaiwa ba, ko da an wanke shi.

Daga abin da ya gabata za a ga cewa mafi yawan aikin gyara bincike ne, wanki kuwa shi ne ƙarami. Sai an san shekarar tubali da irin robarsa sannan ake yanke shawarar abin da za a yi masa. Ko shatin haƙoran da ake gani a gefen wasu tubala bai cancanci a kankare shi ba. Kafin 1990, lokacin da kamfanin ya fito da ɗan abin ɓamɓare tubala, yara da yawa da haƙori suke raba su, kuma mai akwatin zai iya sayen sabon tubali a kasuwa, amma ba zai sami mai ɗauke da shatin haƙoransa na ƙuruciya ba.