Yadda allurar toshe jijiya ke rage zafin tiyatar gwiwa ga matasa

Matashin da ya murɗe gwiwa a filin ƙwallo, jijiyar da ke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri ta tsinke, sau da yawa sai an yi masa tiyata. Likitoci na kiran wannan jijiya ACL. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko bayan aikin su ne mafi zafi, kuma a nan allurar toshe jijiya ke da amfani.

Jijiyar da ake toshewa daban take da wadda ta tsinke: ita ce mai kai saƙon ciwo zuwa ƙwaƙwalwa. Likitan sa barci yakan duba ta da na'urar sikanin, sannan ya zuba magani kamar bupivacaine ko ropivacaine a gefenta, gwargwadon nauyin jikin yaron. Ga ƙananan yara, akan yi allurar ne bayan barcin tiyata ya ɗauke su. Wurin yakan mutu na kimanin awa 12 zuwa 24.

Inda aka soka allurar na da muhimmanci. Idan a gindin cinya ne, zafi na raguwa sosai, amma naman gaban cinya yakan yi sanyi, har yaro ya faɗi in ya yi yunƙurin tsayawa. Shi ya sa likitoci da dama suka koma tsakiyar cinya ta ciki, inda maganin ke kashe ciwo ba tare da ya karya ƙarfin ƙafar sosai ba. Sai dai duka biyun ba sa kaiwa bayan gwiwa, don haka ana iya jin ciwo a can.

Babbar ribar ita ce rage buƙatar magunguna irin su tramadol da kodin, waɗanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana bai wa yara 'yan ƙasa da shekara 12 tun 2017.

Abin da ya fi ba iyaye mamaki shi ne sa'ar da allurar ta saki, galibi cikin dare, ciwo ya taso gaba ɗaya. Saboda haka a fara ba yaro maganin da likita ya rubuta kafin ƙafar ta farfaɗo, kada a jira sai ya yi kuka. Kada kuma ya taka ba sanda. Idan mutuwar ƙafar ta wuce kwana biyu, a koma asibiti.