Suna Ɗaya a Kowace Takarda

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda ta'asar 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Har zuwa Disamba, mai son jin lafiyar ɗansa da ke Kano sai dai ya rubuta 'yar wasiƙa ya damƙa wa direba a tasha, ko ya yi tattaki zuwa inda sabis ke kamawa. Duk wanda ya ga wannan lokaci ba sai an gaya masa darajar layi ba.

To, akwai abin da ke toshe wa mutum layi alhali ƙarfen sabis na tsaye lafiya lau, wato saɓanin suna. Tun Disamban 2020 gwamnatin tarayya ta ce a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, a Afrilun 2022 kuma aka fara hana waɗanda ba su haɗa ba yin kira. Haɗin ba ya kammaluwa sai bayanan mai layi sun yi daidai da na hukumar NIMC mai ba da lambar.

A nan gizo ke saƙar. Mu mun san Garba shi ne Abubakar, Indo ita ce A'isha, Mamman kuwa Muhammadu ne. Kwamfuta ba ruwanta da wannan. Mutum ya yi rajistar layi da sunan da ake kiransa a gida, ya buɗe asusun banki da sunan yanka, a makaranta kuma an maƙala masa sunan garinsu, Faskari ko Sabuwa. A wurin kwamfuta mutum uku ne. Mata sun fi shan wahala: lambar banki ta BVN na ɗauke da sunan uba, NIN da sunan miji. Ranar haihuwa ma sau da yawa mai cike fom ne ke kintatarta.

Don haka kada a bar wurin rajista sai an karanta takardar harafi bayan harafi. Wanda bai iya boko ba ya tafi da mai karanta masa. A riƙi abin da ke kan NIN a matsayin tushe, a daidaita na banki da na layi da shi. Iyaye su duba na yara tun kafin rajistar JAMB, domin tun 2021 ba a yin ta sai da NIN. Gyara kuwa ta hannun NIMC ake yi, kuma akwai kuɗin da ake biya. Kada a miƙa lambar NIN ga wanda ya kira ta waya yana cewa zai gyara.