Masu Lissafin Kogin Kaduna

Shirin namu na musamman yau ya tsallaka gada zuwa kudancin Kogin Kaduna, wato Barnawa, Nasarawa, Makera da Kakuri, inda za mu duba wani aiki da ba kasafai yaro ke cewa shi zai yi in ya girma ba: binciken ilimi da ke tafiya da lissafi da kwamfuta.

Da ƙarar injina aka san Kakuri. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, kamfanin Peugeot ya soma haɗa motoci a 1975, dubban magidanta suka riƙe iyalansu da albashin masana'antu. Yawancin masaƙun sun durƙushe, jikokin waɗancan ma'aikata kuma na neman wata madafar. A ganina, ɗaya daga cikin madafun tana gudana ta bayan gidajensu.

Kogin nan daga tsaunukan Jos ya taso. Idan ya cika ya batse, kamar yadda ya yi a daminar 2003, unguwannin bakinsa ne ke fara kwasar asara. To wa zai faɗa wa mai gida a Nasarawa inda ruwan zai kai, da ranar da zai iso? Wannan aikin mai bincike ne. Yakan tattara yawan ruwan saman da ya sauka, da faɗin kogi da zurfinsa, da gangarar ƙasa, har da yashi da sharar da suka cushe hanya. Sai ya zuba su cikin lissafin da ke bin yadda ruwa ke sauya gudu da tsayi daga wannan taku zuwa na gaba. Lissafin ya fi ƙarfin biro da takarda, don haka yakan rubuta umarni da harshen kwamfuta irin su Python, na'ura ta yi ta maimaitawa har taswira ta fito: ga layin da zai nutse, ga wanda zai tsira.

Masu neman irin waɗannan ƙwararru ba su da nisa. Akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, da Jami'ar Jihar Kaduna, da ABU Zariya, ga kuma reshen Kaduna Polytechnic a nan Barnawa. Galibi da matsayin mataimakin malami ake shiga, a yi digiri na biyu, sannan digirin digirgir. Hanyar doguwa ce, amma ɗan Arewa ya taɓa bin ta: Farfesa Iya Abubakar ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya shugabanci ABU daga 1975 zuwa 1978, kuma sunansa aka sa wa cibiyar kwamfutar jami'ar. Mai digirin lissafi yana iya neman gurbi a cibiyar nazarin lissafi ta AIMS, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, tana da reshe a Ghana, kuma ita ke ɗaukar nauyin ɗalibanta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin ma'aunan ruwa a kogunanmu, da giɓin da ke cikin bayanan da aka adana. Komai ƙwarewar mai lissafi, in aka ba shi adadi gurgu, gurguwar taswira zai fitar. Ga albashin jami'a da ba ya kai mutum ƙarshen wata, shi ya sa da yawan waɗanda suka ƙware sukan karɓi tayin Turai ko Amurka, su bar mu muna jiran damina ba tare da sanin layin da ruwa zai shiga ba.